Tsohon Targaɗen Hajjo

Surayya tana shekara ta biyar a karatun likita a birnin Guangzhou na ƙasar Sin lokacin da Hajjo ta faɗi. Surayya 'yar Gwammaja ce a Kano, kuma da yake Sinanci ya zauna a bakinta, 'yan kasuwar gida masu zuwa saro kaya sun mayar da ita tafintarsu ta asibiti. Wanda haƙori ya matsa wa, wanda jininsa ya hau, wanda ya ci abin da cikinsa bai karɓa ba, duk lambarta ake ba su. Hajjo kuwa daban take da waɗannan. Aminiyar mahaifiyar Surayya ce tun suna 'yan mata, tana da shagon kayan yara a Kantin Kwari, sau biyu take zuwa saro a shekara. Ranar sunan Surayya ma a cinyar Hajjo aka yi mata aski.

Wata Talata ce cikin watan Mayu, an kwana uku ana ruwa. Hajjo ta fito daga jirgin ƙarƙashin ƙasa za ta nufi manyan shagunan tufafi na titin Guangyuan, hannu ɗaya da lema, ɗayan da jaka. Tana gab da ƙarasa hawa matakala takalminta ya zame, ƙafar dama ta lanƙwashe ciki, ta zauna a kanta da dukkan nauyinta. Wasu mata biyu Sinawa suka ɗaga ta suka jingina ta da bango. Daga nan ta kira Surayya.

Kafin su isa asibitin da Surayya ke koyon aiki, idon sawun ya kumbura kamar an cusa lemo a ƙarƙashin fata. Aka yi hoto, babu karaya. Likitan ƙashi, wani siririn mutum mai suna Dakta Pan, ya riƙe ƙwaurin da hannu ɗaya, ya kama diddigen da ɗayan ya ja gaba. Ƙafar ta biyo hannunsa fiye da yadda ya kamata. Ya ɗago ya tambaya ko ta taɓa jin ciwo a wannan ƙafar.

Surayya ta mayar mata da tambayar da Hausa.

Hajjo mace ce mai son labari, ko ciwo bai hana ta ba. Ta ce, "Wannan ƙafar ai ta daɗe tana ba ni wahala. Shekara takwas ke nan, a bikin ƙanwar maigidana na taka bakin kwata ta gurɗe. Aka kai ni wajen mai ɗori ya ja ya ɗaure. Tun daga ranar, ko tsakuwa na taka sai ta kauce. Shekara ba ta fita ban yi targaɗe sau biyu ko uku ba."

Surayya ta faɗa wa likitan duka, har da bikin da kwatar. Ya rubuta, ya tura su a yi hoton MRI, mai nuna jijiyoyi.

Washegari ya zaunar da su ya yi bayani. Jijiyoyi biyu ne daga cikin masu riƙe idon sawu ta waje suka sami matsala. Ɗaya ta daɗe da saki, ta zama kamar tsohuwar robar wando. Ɗayar kuma jiya ta tsinke. Ya ce za a iya sa mata filasta ta koma gida a yi mata aiki a can, ko kuma ya yi mata tiyatar a nan cikin mako ɗaya. Da ya faɗi kuɗin, Hajjo ta lissafa. Kusan duk abin da ta zo da shi ne na saro kayan babbar sallah.

Can sai ta tuna da wata takarda. Babban ɗanta, Ibrahim Khalil, ya saya mata inshorar tafiya tare da tikiti, ya turo mata a waya. Ta miƙa wa Surayya. Shafi goma sha ɗaya ne da Turanci, ƙananan rubutu. Surayya tana da jarrabawa da ƙarfe biyu. Ta karanta shafin farko, ta ga an jera haɗari, kwanciya a asibiti, tiyata.

Ta ce, "Anti, wannan ai haɗari ne kika yi. Za su biya. Ki biya yanzu, in mun tura musu takardu su mayar miki."

Hajjo ta ce, "Kin tabbata?"

"Ga shi a rubuce."

"To shi ke nan. A yi a nan ɗin."

Aka yi aikin ranar Litinin, ya yi kyau. Bayan kwana biyar aka sallame ta, ta koma ɗakinta na otel a unguwar Xiaobei da filasta har ƙasan gwiwa da sanduna biyu. Surayya ta ɗauki hoton takardun asibiti ɗaya bayan ɗaya ta tura wa kamfanin inshorar. Kullum in ta tashi daga aji sai ta biya ta sayo mata abinci a wajen wata mata 'yar Damagaram da ke tuwo a unguwar, ta taimaka mata ta yi wanka, ta ɗora mata ƙafar a kan matasai. Hajjo tana kwance tana ta kallon hotunan rigunan yara da masu shaguna ke turo mata ta manhajar WeChat, tana ware waɗanda za ta ɗauka da zarar kuɗin sun dawo. Ta lissafa cewa in ta tura ta jirgin sama za su riski sallah.

A kwana na tara amsa ta zo. Surayya tana ɗakin karatu ta buɗe. Layi huɗu ne. Kamfanin ya ce ya duba takardar sallama, ya ga lambar cutar da aka rubuta ita ce M24.2, wadda ke nuna lalurar da matafiyi ke da ita tun kafin tafiya, kuma sashe na bakwai na yarjejeniya ya cire irin wannan daga abin da ake biya.

Ta koma kan yarjejeniyar ta nemo sashe na bakwai. Yana shafi na shida. Ta karanta shi sau uku. Sannan ta buɗe takardar sallamar, wadda ita da kanta ta ɗauki hotonta ba tare da ta lura ba. A shafin farko akwai gidaje biyu. Na aikin da aka yi an sa 81.94, ɗinkin jijiyar idon sawu. Na cutar kuma ga shi nan, M24.2.

Ba ta faɗa wa Hajjo a ranar ba. Ta kai mata tuwo, ta zauna minti goma, ta ce tana da karatu.

Da safe ta sauka ofishin ajiye bayanan marasa lafiya, a hawa na ƙasa kusa da wurin wanki. A can ake sa wa kowace takarda lambobinta kafin ta fita. Ta tarar da wata dattijuwa, Madam Luo, tsakanin kwamfutoci biyu da gorar shayi. Surayya ta nuna katinta na ɗaliba, ta ce tana ganin an yi kuskure, matar faɗuwa ta yi a tasha, ita da kanta ta ɗauko ta daga can.

Madam Luo ta nemo fayil ɗin ta karanta a tsanake. Ta ce, "Babu kuskure. Kin san yadda lambobin suke. Waɗanda suka fara da S na raunin da ya sami mutum yanzu ne. Wannan mai M ɗin na jijiyar da ta saki ne saboda tsohon rauni. Ba ni nake zaɓa ba. Abin da likita ya rubuta nake karantawa in nemo masa lambarsa."

Ta juyo da fuskar kwamfutar ta sa yatsa a kan wani layi. An rubuta cewa mara lafiya ta gurɗe shekara takwas da suka wuce, tana yawan targaɗe tun daga lokacin. A ƙarshen layin an ƙara cewa an ɗauki bayanin ta bakin tafinta.

Surayya ta ce, "Ba yadda za a yi a canza?"

"Daga nan babu. Likitan da ya yi aikin ne kaɗai zai iya, kuma sai ya rubuta dalili ya sa hannu."

Dole ta je ta faɗa wa Hajjo. Hajjo ta saurara har ƙarshe, wayarta a hannu da hoton wata rigar yarinya mai ruwan hoda a buɗe. Ta ce, "Wato saboda na ba shi labarin bikin nan?"

"Saboda tsohon ciwon, Anti."

Hajjo ta kife wayar a kan gado. Da Surayya za ta tafi, ta ce ta ja mata ƙofar da kyau.

Da la'asar, lokacin da gari ya waye sosai a Kano, Ibrahim Khalil ya kira. Ya girmi Surayya da shekara bakwai, shi ke zama a shagon in mahaifiyarsa ta yi tafiya. Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya tambayi wani abokinsa da ya san harkar inshora, abin mai sauƙi ne.

"Hajiya ba ta jin yarensu, likitan ba ya jin Hausa. Ke kaɗai ce a tsakani. Ki koma ki ce masa ke kika yi kuskuren fassara. Ki ce ba ta taɓa faɗin haka ba. Ya goge layin, a sa lambar haɗari, magana ta ƙare."

"Yaya Khalil, ai ta faɗa."

"Na san ta faɗa. Amma faɗuwar ƙarya ce? Ba a gaban jama'a ta faɗi ba? Da ba ta faɗi ba za a yanka ta? Mun biya kamfanin nan kuɗinmu, yanzu sun sami harafi ɗaya sun laɓe a bayansa. Waye macuci a nan?"

Surayya ita ma ta yi wannan tunanin. Ta ce masa a asibitin take koyon aiki, wata biyu masu zuwa a ƙarƙashin Dakta Pan ɗin za ta zauna.

Ya ce, "To sai me? Ɗaliba ta yi kuskuren fassara, wa zai kore ta? Mu kuma shago ne zai wuce sallah babu kaya. Ke kika ce mata za su biya, Surayya. Ban so in faɗa ba, amma ke kika ce."

Bayan awa ɗaya mahaifiyarta ta kira. Ita ba ta ce a yi ƙarya ba, ba ta kuma ce kada a yi ba. Ta tambayi karatu, ta tambayi ruwan sama, sannan ta ce, "Hajjo ce fa. Lokacin da babanku ya kwanta ciwo wata huɗu, ita ta riƙe mu. Ki duba abin da za ki iya."

"To Umma."

Kwana biyu Surayya tana juya maganar. Ta tsara yadda za ta faɗa da Sinanci, har ta gwada a bakinta a kan hanyar zuwa aji. Kalmomin ba su da wuya. Amma duk lokacin da ta kai ƙarshen jimlar sai ta tuna yatsan Madam Luo a kan layin, ta kuma tuna cewa akwai hoton MRI, kuma likita ya buɗe wurin ya gani da idonsa.

Ranar Alhamis, ana jibi za a koma a cire zare, ta kai wa Hajjo abinci ta same ta a zaune ta yi kwalliya, ta ɗaura ɗankwali. Hajjo ta ce ta zauna.

"Na yi ta tunani, 'yar nan. Na tuna. Waccan gurɗewar ta biki, ƙafar hagu ce. Zafin ciwo ne ya rikita ni ran nan."

Surayya ta dube ta. Shekara biyar ke nan duk zuwan Hajjo sai ta ga ta dawo daga kasuwa ta zauna a bakin gado tana shafa man zafi a idon sawun dama. Hajjo ma ta san ta gani. Ba ta kawar da kai ba.

Hajjo ta ci gaba, "Ba na ce ki ce kin yi kuskure ba. Khalil ya faɗa min abin da ya ce miki, na yi masa faɗa. Kada ki ɓata sunanki a wajen malamanki. Ni zan yi maganata, ke kuma ki juya masa kamar yadda kika juya waccan. Ba aikinki ke nan ba?"

"Shi ne, Anti."

"To shi ke nan."

Ranar Asabar da hantsi suka shiga wajen Dakta Pan. Nas ta buɗe filastar, ta cire zaren, ya duba ya ce wurin ya haɗe da kyau. Yana shirin tashi Hajjo ta taɓa hannun Surayya, ta faɗi maganarta a nutse, kamar wadda ta haddace.

Surayya ta ce da Sinanci, "Ta ce ta tuna, tsohon raunin a ƙafar hagu ne. Ta ce ciwo ne ya ruɗa ta a ranar."

Dakta Pan ya koma ya zauna. Ya nemi Hajjo ta miƙo ƙafar hagu. Ya cire mata takalmin da kansa, ya riƙe ƙwaurin, ya ja diddigen kamar yadda ya yi wa ta dama ran farko. Ƙafar ba ta motsa ba. Ya sake ja, ya murɗa ta ciki. Ya ajiye ta a hankali.

Ya kunna kwamfuta ya buɗe hoton ƙafar dama, ya nuna wani ɗan farin abu kamar ƙwayar gero a ƙasan ƙashin. Ya ce ɓallin ƙashi ne da ya cire tun tuni, gefensa duk ya goge ya yi sumul, kuma sai an yi shekaru kafin ya zama haka. Ya ce a faɗa mata, da a ce sabuwar tsinkewar ce kaɗai, da ba zai yi mata tiyata ba sam. Filasta zai sa mata, jijiyar ta haɗe da kanta. Saboda tsohuwar da ta saki ne ya yi aikin.

Surayya ta juya wa Hajjo wannan duka. Hajjo ta zuba wa hoton ido.

Sai likitan ya juyo ga Surayya. Ya yi maganar a hankali, ba da faɗa ba. "Ke ɗalibarmu ce. Abin da kika faɗa min yanzu, kin yarda da shi?"

Ta ce, "A'a."

"To me ya faru?"

Ta gaya masa maganar inshorar, da lambar, da sashe na bakwai, da cewa ita ta ba matar tabbacin za a biya. Ya saurara yana murza goshinsa.

Hajjo ta ga maganar ta yi tsawo. Ta ce, "Me yake cewa? Me kika ce masa?"

Surayya tana iya cewa maganar magani suke yi, ba wanda zai sani. Ta ce, "Ya tambaye ni ko na yarda hagu ce. Na ce masa a'a."

Hajjo ta sunkuya da ƙyar ta jawo takalminta na hagu ta sa da kanta. Nas ta matso za ta taimaka, Hajjo ta ɗaga mata hannu.

Dakta Pan ya buɗe rahoton tiyatar da ya rubuta ya karanta. Ya ce lambar farko ba zai taɓa ta ba, don ita ce dalilin aikin. Amma jijiya ta biyu sabuwar tsinkewa ce, ya gani, ya kuma ɗinke ta, ya kamata a ce an sa mata tata lambar tun farko. Wannan sakacinsa ne. Ya cike wata takarda ya ƙara S93.2 a ƙarƙashin ta farko, ya rubuta gajeriyar wasiƙa da Turanci cewa mara lafiya ta faɗi a ranar kaza, ta zo da sabon rauni a kan tsoho. Ya sa hannu ya buga hatimi. Ya ce a kai wa Madam Luo, amma kada su sa rai da yawa.

Surayya ta sauka ta kai takardar ta dawo, ta tarar da Hajjo a kan benci a bakin ƙofar asibiti, sandunan a jingine a gefenta. An ɗauke ruwa, rana ta fito da zafi, ƙasa tana tururi. Ta zauna a ɗaya ƙarshen bencin ta kira mota a waya. Aka nuna saura minti tara.

Ta ce, "Anti, akwai abin da ban faɗa miki ba. Takardar inshorar nan, shafi ɗaya kawai na karanta. Sha ɗaya ne. Ina sauri zan shiga jarrabawa. Da na karanta da na ga wurin."

Hajjo ta amsa tana kallon motocin da ke shiga da fita.

"Da kin ce min ba ki sani ba, da na sa filastar na koma gida an yi min a asibitin ƙashi na Dala. Da kayana suna hanya yanzu."

"Na sani. Ki yafe min."

"Na tambaye ki, na ce kin tabbata."

"Kin tambaya."

Hajjo ta gyara zaman ƙafarta. Muryarta ta yi ƙasa. "Shekara talatin ina kasuwa, ban taɓa cewa yadin Chana na Dubai ne ba. Yau da girmana na zauna a gaban mutumin nan ya cire min takalmi ya kama ni kamar yarinya. Kuma ke kin san zai gane. Kin san da hoton nan. Me ya sa ba ki hana ni tun a ɗaki ba?"

Wannan tambayar ce Surayya ba ta shirya mata ba. Gaskiyar ita ce ta ji nauyin ta ce wa aminiyar uwarta ƙarya take yi, kuma a can ƙasan ranta ta so likitan ya yarda, a wuce wurin ba tare da ita ta yi ƙaryar da bakinta ba. Ta faɗa mata haka, kalma ɗaya ɗaya, tana kallon ƙasa.

Hajjo ta ce, "Hmm."

Motar ta iso. Direban ya fito ya taimaka aka shigar da ƙafar. Suka nufi Xiaobei.

Bayan kwana shida Hajjo ta tafi. Da ɗan abin da ya rage mata ta sayi kwali huɗu na kayan yara ta waya, a maimakon talatin da wani abu da ta saba. Surayya ta raka ta filin jirgin Baiyun, ta nemo mata keken marasa lafiya, ta yi magana da ma'aikatan jirgi aka ba ta kujerar da za ta miƙe ƙafa. Ta rubuta mata a takarda da Hausa ranar da za a cire filasta, da irin motsa ƙafar da za ta riƙa yi, da yadda za ta sha maganin hana jini daskarewa saboda doguwar tafiya. Hajjo ta ninke takardar ta sa a jaka. Ta ce Allah ya yi albarka, ya ba da sa'ar karatu. Ta faɗa kamar yadda ake faɗa wa kowa. Ma'aikaci ya tura ta ciki.

Amsar kamfanin ta biyu ta ɗauki mako shida. Saboda sabuwar lambar sun yarda an yi haɗari, sun biya kuɗin ganin likita na ranar farko da hotuna da sanduna. Tiyata da kwanciya kuwa sun ce suna nan a ƙarƙashin lambar farko. Surayya ta tura wa Ibrahim Khalil wasiƙar. Ya karanta, bai ba da amsa ba. A lokacin sallah ta riga ta wuce, kuma ta ji daga wajen mahaifiyarta cewa su Hajjo sun sallami ɗaya daga cikin masu tsaron shagon, sun ba wani hayar rabin wurin.

Ta yi wata biyunta a sashen ƙashi. Dakta Pan bai taɓa tayar da maganar ba. Sau ɗaya dai, da aka kawo wani ɗan Gana da karaya a hannu aka rasa mai fassara, ya dube ta ya ɗan yi jim kafin ya ce ta zo. Wannan ɗan jim ɗin ya daɗe yana damunta.

Da lokacin saro na gaba ya zo cikin Nuwamba, Ibrahim Khalil ne ya zo a madadin mahaifiyarsa. Surayya ba ta san ya shigo ba sai da ta hango shi a bakin ginin kasuwa na Tianxiu yana magana da masu tura kaya. Ta tsallaka ta gaishe shi. Ya amsa da kyau, ya ce Hajiya lafiya lau, ya ce yana sauri.

Ta yi ta ɗaukar waya tana ajiyewa har mako guda, sannan ta tura wa Hajjo saƙon murya tana tambayar ƙafa. Amsar ta zo bayan kwana biyu, gajeriya. Hajjo ta ce ta ajiye sanda tun watan Agusta, tana hawa benen shago ta sauko, ƙafar ba ta sake kaucewa ba ko sau ɗaya. Ta ce ta gaida likitan in ta gan shi. A bayanta ana jin hayaniyar kasuwa, wani yana tambayar farashi, ta ce masa tana zuwa, saƙon ya yanke a nan.

Surayya ta gaya wa Dakta Pan washegari a bakin lif. Ya ce madalla, ya tambaya ko matar tana yin motsa ƙafar da aka ce ta yi. Surayya ta ce ba ta sani ba, amma za ta tambaya.